Uba Biyu, Hula Ɗaya: Nazari a kan Fim ɗin Biker Boyz

1. Gabatarwa

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya kawo fim ɗin Amurka cikin taron da aka shirya domin harshe da adabi da al'adun Hausa? Amsarmu ita ce, Bahaushe ya daɗe yana kallon finafinan wasu. Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937 ake nuna masa na kaboyi, daga baya na Indiya da na 'yan Sin suka biyo, kuma bai taɓa kallonsu da idon masu su ba. Da mudunsa yake auna su, ya laƙaba wa 'yan wasan sunayen da ya ga dama, ya yanke wa jarumi da mugu hukunci bisa abin da ya sani na kunya da biyayya da jarunta. Tun da mai kallo yana yin haka a zaure da bakin kasuwa, bai kamata manazarci ya ji nauyin yin haka a takarda ba.

Fim ɗin da muka ɗauka shi ne Biker Boyz, wanda kamfanin DreamWorks ya fitar a watan Janairu na 2003, Reggie Rock Bythewood ya ba da umarni. Labari ne na tseren babura a tsakanin ƙungiyoyin baƙaƙen fata na jihar Kalifoniya, an kuwa samo tushensa daga wani rahoto da ɗan jarida Michael Gougis ya rubuta. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba ƙage ba ne, domin East Bay Dragons ta birnin Okland da Chosen Few ta Los Anjalis duk sun kafu tun 1959. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 24, abin da ya dawo daga silimu bai wuce haka ba, masu sharhi na can kuma ba su yi masa da sauƙi ba. Yawancinsu sun ɗauke shi ƙanen The Fast and the Furious na 2001, wanda aka cire wa motoci aka sa babura. A ganinmu wannan hukunci ya tsaya a fata. Fim ɗin ya ɗauko tambaya mai nauyi, wato wane ne uba, ya ɗora ta a kan babur, ya yi tafiya mai nisa da ita, amma da aka zo wurin ba da amsa sai ya zame. Mudun da za mu auna shi da shi kuwa za mu ɗauko shi ne daga fagen dambe da kokawa na ƙasar Hausa, da kuma wasu al'adu na ƙasar Zuru a jihar Kebbi, musamman garuruwan Dakarkari irin su Manga da Dabai.

2. Labarin a taƙaice

Smoke, wato Hayaƙi, shi ne shugaban ƙungiyar Black Knights, kuma shi ke riƙe da kambin tsere, ana ce masa Sarkin Kali, wato Kalifoniya a gajarce. Laurence Fishburne ne ya fito a wannan matsayi. Bakanikensa kuma amininsa shi ne Slick Will, wanda ke da ɗa saurayi mai suna Jaleel, amma kowa Kid yake ce masa, wato Yaro. Derek Luke ne ya fito a matsayin yaron. A tseren da aka buɗe fim da shi, babur ɗin abokin karawar Smoke ya ƙwace, ya tashi sama ya faɗa wa Will, nan take ya mutu, a gaban ɗansa.

Bayan 'yan watanni Kid ya dawo fage da niyyar kayar da Smoke. Dokar ƙungiyoyin ba ta ba shi damar ƙalubalantar sarki haka kawai ba, saboda haka ya haɗa kai da abokai biyu, Stuntman da Primo, suka kafa tasu ƙungiya. Uwarsa Anita, wadda ta riga ta rasa mutum ɗaya a wannan hanya, ta je ta sami Smoke ta nemi ya hana yaron tsere, a nan ne kuma ta fasa ƙwai, ta gaya masa shi ne ya haifi Kid. Smoke ya yi ƙoƙarin hana shi da ƙarfi, suka ba hammata iska, asiri ya tonu. Daga ƙarshe suka yi tsere a wata gona kusa da Fresno, bisa sharaɗin cewa in an kayar da Kid zai bar tsere. Smoke yana gab da cinyewa sai ya sassauta totur, yaro ya wuce.

3. Sarauta da kirari da hular kwano

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne wurin zana tsarin wannan ƙaramar duniya ta 'yan babur, kuma nan ne mai kallo Bahaushe zai ji kamar an kai shi gida. Akwai sarki, akwai majalisar shugabannin ƙungiyoyi wadda sai ta amince kafin a kafa sabuwa, akwai ɗan koyo wanda ke hidima kafin a ba shi rigar ƙungiya. Akwai kuma sanƙira. Soul Train, wanda Orlando Jones ya fito a matsayinsa, lauya ne da rana, da dare kuwa shi ke shiga tsakiyar fage ya wasa Smoke, ya jero masa kirari, ya zuga jama'a har sai tsikar jiki ta tashi, sa'an nan sarki ya bayyana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya ga yadda makaɗi ke kiran ɗan wasa da takensa, ko ya saurari yadda Ɗan Anace ya ɗaga Shago har sunansa ya wuce zamaninsa, ba ya bukatar a fassara masa aikin wannan mutum. Jarumi ba ya cika sai da bakin da zai faɗe shi. Bythewood ya gane haka, ya kuwa ba kirarin lokacinsa, bai yanke shi don gaggawar zuwa gudu ba.

Abin da ake ci a tseren ma abin lura ne. Ana sa kuɗi, amma babban abin da wanda aka kayar yake miƙawa shi ne hular kwanonsa. Hula ba ta kai babur tsada ba, sai dai ita ce ke kan kai, miƙa ta kuwa daidai yake da tuɓe rawani. A Jamhuriyar Nijar, tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya cinye, takobi ake ba sarkin kokawa, kuma duk kuɗi da kyaututtukan da ke biyo baya, takobin ake ambata. Ma'anar ɗaya ce. (A nan ba za mu rasa yin murmushi ba in muka tuna cewa lokacin da aka tilasta sa hular kwano a Nijeriya a farkon 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu. Abin da wani ya mai da kambi, wani tara ce kawai ta sa ya san da shi.)

Bythewood da kansa ya kwatanta fim ɗin da na kaboyi, inda babur ya maye gurbin doki. Wannan kwatance ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka dami ƙauye. Alassane ya nuna abin da ke faruwa in samari suka kafa tasu sarauta ba da yardar manya ba. A Biker Boyz kuwa sarautar da ƙa'idojinta manya ne suka kafa, yaro so yake ya shiga ya gaje ta. Wannan ne ya mai da shi labarin gado, ya raba shi da finafinan tawayen samari.

Game da ɗaukar hoto ba mu da dogon zance. Tseren miƙe ne, na ɗan gajeren zango, daƙiƙoƙi kaɗan an gama, don haka babu dabarar kwana ko ta wuce abokin hamayya da za ta riƙe mai kallo. Abin da mai ba da umarni ya yi don cike wannan giɓi shi ne ya shigar da mu cikin idon Smoke: in ya ɗauki hanya sai gefe da gefe su dushe, ƙara ta ɗauke, ba ya ganin kome sai layin ƙarshe. Dabara ce mai kyau, za mu kuma dawo kanta.

4. Uban da aka binne sau biyu

A ƙasar Hausa kalmar uba tana da faɗi. Wa da ƙanen mahaifi uba ne, marili ko mariƙi uba ne, ubangida a sana'a ma uba ne, har akan ce wane ɗan gidan wane ne alhali ba su haɗa jini ba. A fagen dambe abin ya fi fitowa fili, domin ɗan wasa yakan ɗauki sunan wanda ya rene shi a sana'ar, a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, sunan mahaifinsa kuwa ƙila 'yan kallo ba su taɓa jin sa ba. A shari'ar Musulunci kuma, ɗan da aka haifa a cikin aure na mijin uwar ne, ba a bin wani zance bayan wannan. Ta kowace ƙofa aka shiga, Slick Will uban Kid ne. Shi ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya riƙa tafiya da shi fage, a hannunsa ya san ƙarfe da mai.

In muka koma ƙasar Zuru hujjar ƙara nauyi take yi. A al'adar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, saurayi yakan fara da kokawa, sa'an nan ya shiga golmo, wato noman da yake yi wa uban yarinyar da zai aura tare da tsaransa, shekara bakwai bisa al'ada. P. G. Harris ya bayyana waɗannan al'adu a rubutunsa na 1938 a kan Dakarkari. Abin da golmo ke koya wa saurayi shi ne iyali da gumi ake kafa shi, kuma jama'a duka shaida ne a kan gumin. Dattijo a Manga wanda ya yi golmo, in aka ba shi labarin mutumin da ya yi shekara goma sha yana ɗawainiyar yaro, sa'an nan wani ya zo rana ɗaya aka ce ai shi ne uban, mun tabbata tambayar da zai fara yi ita ce: a gonar wa wannan na biyun ya yi noma? Ga shi kuma ƙasa ce da ta shahara wajen ba da sojoji, inda ba baƙon abu ba ne yaro ya tashi a hannun kawu ko kaka mahaifi yana bariki mai nisa. Mutanen da suka san wannan ba su raina riƙo.

To, me fim ɗin ya yi da Will? Ya kashe shi a mintocin farko, ya yi masa jana'iza mai ban sha'awa, 'yan babur sun zo a jere cikin rigunansu, sa'an nan ya juya masa baya. Daga lokacin da Anita ta yi maganarta, duk nauyin labari ya koma kan Smoke: yaya zai ji, yaya zai yi da ɗan da bai san da shi ba, ko yaron zai karɓe shi. Fushin Kid ma da aka fara ginawa a kan cewa ubansa ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa wani babur, wani na shan tafi, sai ya rikiɗe ya zama fushin ɗan da aka ɓoye wa asali. Fushin farko ya fi na biyu ma'ana nesa ba kusa ba. Tambaya ce a kan bara da ubangida, a kan wanda ke aiki a ƙarƙashin mota da wanda ke gaisawa da jama'a a samanta. Kowane gareji a Zuru ko Kwantagora yana da irin Will, kowane ɗan acaɓa kuma ya san ransa a hannun bakanike yake. Da fim ɗin ya bi wannan hanya, da Kid ya kayar da sarki da sunan talakan da ya rene shi. Maimakon haka sai aka ce mana gwanintar yaron jini ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wato dai ɗan bakanike ba zai iya zama sarki ba sai an binciko an tarar ashe ɗan sarki ne. Wannan tsohuwar dabara ce ta tatsuniya, mun san ta a labarin ɗan sarkin da aka tsinta a daji, kuma duk inda ta fito sarauta take yi wa hidima.

Akwai wata al'ada ta Dakarkari da ta dace a ambata a nan. Mata magina kan gina siffofi na yumɓu a ɗora bisa kaburburan manyan mutane, irin su sarakuna da mafarauta da gwanayen kokawa, don mai wucewa ya san wanda ke kwance. Fim ma yana da hanyar ɗora irin wannan alama a kan mamaci, ta hanyar dawo da shi cikin zancen masu rai da ayyukansu har zuwa ƙarshe. Will bai sami wannan ba yadda ya cancanta. Eriq La Salle ya fito a matsayinsa na ɗan lokaci, da natsuwar da ta sa mai kallo ya so shi, sa'an nan labari ya wuce kamar an share sawu.

Don kada mu yi wa masu fim rashin adalci, dole mu faɗi dalilin da muke jin ya ja su wannan hanya. Zancen uban da ba ya nan tsohon ciwo ne a finafinan baƙaƙen Amurka. Shi kansa Fishburne, a Boyz n the Hood na 1991, ya fito a matsayin uban da ya tsaya kan ɗansa a unguwar da iyaye maza suka yi ƙaranci. Mai kallo na can, da ya ga Fishburne a nan, zai tuna wancan, zai kuma so ya ga namiji ya karɓi ɗansa ko da a makare. Buri ne mai kyau. Sai dai don a sami uban da ya dawo, an sadaukar da uban da bai taɓa tafiya ba.

5. Tseren ƙarshe

A nan ne dabarar idon Smoke ta dawo. Yana kan gudu, gefe ya dushe kamar kullum, amma a wannan karo tunanin yaron ya shiga tsakaninsa da layin ƙarshe, sai ya saki. A fuskar sana'ar fim wannan wuri ya ginu sosai, domin abin da aka shuka tun farko shi aka girba, ba tare da dogon jawabi ba. A fuskar ma'ana kuwa muna da ja har kashi uku.

Na farko, uba ba ya shiga fage da ɗansa. A dambe ma yaro ba ya sa zare da ubangidansa. In babba ya ga ƙarfinsa ya fara ja baya, yakan kwance zaren hannunsa a gaban jama'a, ya tura yaransa, girmansa yana nan. Murabus a fili ake yin sa. Smoke yana da wannan hanya, bai bi ta ba.

Na biyu, nasarar da aka bayar kyauta ba ta zama sarauta. In aka ji ƙishin-ƙishin cewa ɗan kokawa ya kwanta da gangan, takobin da aka ɗauka a wannan rana ba shi da daraja, wanda ya ɗauka kuma zai rayu yana jin ana raɗa. Kid ya hau babur ɗin aro, na Dogg, abokin hamayyar Smoke, bayan nasa ya lalace, ya kuma ci tseren da aka sakar masa. Mene ne nasa a ciki? Da alama masu fim sun ji wannan rauni, shi ya sa suka sa yaron ya ce wa Smoke ya riƙe hular tukuna. Wannan ɗan juyi ya yi mana daɗi, don yana nuna kunya irin wadda muka sani, ta ɗa da ba ya son ya ga kan ubansa a buɗe cikin taro. Amma bai warware matsalar ba, ya dai lulluɓe ta.

Na uku shi ne wanda ya fi damunmu, kuma ba mu ga masu sharhi sun tsaya a kansa ba. Abin da Anita ta roƙa abu ɗaya ne, a raba ɗanta da tsere. Saboda wannan ta tona sirrin da ta riƙe shekara da shekaru, ta zubar da mutuncinta a idon ɗanta, har ya bar mata gida. Sharaɗin tseren ƙarshe kuwa ya sa biyan bukatarta a hannun Smoke: in ya ci, yaro ya sauka daga babur. Ya ga layin, yana gaba, sai ya zaɓi ya faranta wa ɗa rai ya bar uwa da fargabarta. Yanzu kuma ɗan nata shi ne sarki, wato shi kowane sabon mai ji da kansa zai nema. Fim ɗin ya nuna mana wannan a matsayin ƙauna, da kiɗa mai taushi da hasken rana a kan gona. Vanessa Bell Calloway, wadda ta fito a matsayin Anita, ta yi wasan da ya fi abin da aka rubuta mata, amma ba a tambaye ta ra'ayinta a kan wannan sulhu na maza ba. Uwar da ɗanta ke wasa da babur a rakiyar amarya, yana ɗaga gaba yana sakin hannu a kan titin Zuru zuwa Riba, ta san abin da ake nufi da jiran ƙarar babur da dare, kuma muna shakka ƙwarai in za ta yi tafi a inda masu fim suka so a yi.

Akwai fim ɗaya na kusa da mu da ya kamata mai son faɗaɗa wannan nazari ya ajiye gefen wannan, wato Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda Christopher Kirkley ya yi a Agadas da harshen Buzaye, makaɗin nan Mdou Moctar yana yawo a kan babur cikin gari. A can gasar ta kiɗan jita ce, uban kuma adawa yake yi da sana'ar ɗansa a fili. Ɗan bai nemi kayar da uban a fage ba, da tsaransa ya kara, abin da yake nema a gida kuwa yarda ce. An raba fagen gasa da zauren gida, kowanne da hukuncinsa. Biker Boyz ya haɗa su wuri ɗaya, ya sa layin ƙarshe na tsere ya yanke shari'ar da ta shafi mamaci da gwauruwa da maraya, alhali biyu daga cikin ukun ba su hau babur ba.